Shagon walda a bakin layin dogo

Shagona na walda da gyaran injinan noma yana wani ɗan ƙauye a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, kudu maso gabas da birnin Saskatoon, inda ko an haɗa da yara ba mu cika mutum ɗari ba. Ƙasar yankin shimfiɗe take kamar faifai, har manomi idan ya taso da motarsa zuwa wurina nakan hango ƙurarsa tun kafin in gane ko wane ne.

Layin dogo ne ya haifi ƙauyukan wannan yanki. Da kamfanin Grand Trunk Pacific ya shimfiɗa layinsa wajen 1908, sai ya riƙa sa wa tashoshi suna bisa jerin haruffan boko, shi ya sa ake da Watrous, Xena, Young da Zelma, sannan a koma farko da Allan, Bradwell da Clavet. An jera su kusa da juna domin manomi ya kai alkamarsa rumbun tasha a keken doki ya kwana gida. Kakannin abokan cinikina sun zo ne a ƙarƙashin dokar 1872, wadda ta ba mutum eka 160 a kan dala 10 muddin ya zauna ya noma ta shekara 3. Yau an rushe yawancin dogayen rumbunan katakon nan, makarantarmu ta rufe ana kwasar yara a bas zuwa wani gari, samari kuma da dama sun koma aikin haƙar ma'adinin taki. Abin da ya rage mana shi ne ɗakin taro, filin wasan ƙanƙara, akwatunan gidan waya, da motar kashe gobara wadda mu mazauna muke hawa da kanmu ba da albashi ba. Famfonta ma ni nake duba shi.

A Kano na koyi walda, a wajen Ƙofar Ruwa, hannun wani dattijo wanda ba ya yabon aiki da baki. Idan na gama ɗinkin ƙarfe sai ya ɗauki guduma ya buga, in ya tsage ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. Na shekara ina kankare tsatsa da goga kafin ya yarda in riƙe sandar walda. Abin da bai koya mini ba, domin bai taɓa ganinsa ba, shi ne yadda ƙarfe yake a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. A nan idan ka ɗora wuta a kan ƙarfe mai kauri ba ka fara ɗumama shi ba, ɗinkin zai yi kyau a ido, ya huce da gaggawa, ya tsage daga ciki. Saboda haka nake gasa shi da harshen wutar gas tukuna, in na gama kuma in lulluɓe shi ya huce a hankali. Sandunan walda kuwa a cikin ɗan tanda nake ajiye su dare da rana, domin da zarar sun sha laima sai su bar ƙananan ramuka a jikin ɗinki.

Babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan gyara na jabu da ake saya ta intanet. Tun da aka daina bas ɗin lardi a 2017, wanda a da shi yake kawo mana ƙananan kaya daga birni, mutane suka koma oda daga wuraren da ba su san su ba. A kakar bara wani maƙwabcina ya kawo sandar juyi ta injin girbi da ya saya a rabin kuɗi, ta karye kwana 2 da ɗaurawa, ga kanola, shukar da ake matse mai daga 'ya'yanta, ta nuna a gona, ga hadari yana haɗuwa. Da na duba bakin karayar sai na ga ƙarfen garas-garas kamar sukari. Na gaya masa gaskiya cewa wannan ba ta karɓar walda, muka tono tsohuwar tasa daga bayan rumbu, na cike inda ta cinye, na daidaita ta a injin sassaƙa, kafin asuba ya koma gona. Duk da haka sai da ya nemi ragi, wai ai tsohon ƙarfensa ne.

Daga watan Agusta zuwa Oktoba ba na rufe shago, kuma injin walda yana ɗaure a bayan motata domin mai gonar da ba zai iya jawo injinsa ba. Da an gama girbi akan yi liyafar kaka a ɗakin taro, kowane gida ya kawo abin da ya dafa, a tara kuɗin gyaran rufi da na wutar filin ƙanƙara. Teburan da ake jerawa ranar, ƙafafunsu duka ni na ɗinke su a hunturun da na fara zuwa, kuma har yanzu babu wadda ta dawo shago.