Littafin kalmomina: mako na tara

'Yan uwa masu wannan sha'awa, barkanmu da war haka. Yau mako tara ke nan da na sayi littafin rubutu mai shafi sittin na fara tara kalmomin Turanci masu wuyar sha'ani. Zuwa daren jiya na rubuta 140. Da na rufe littafin na gwada kaina, waɗanda suka zauna a kai ba su wuce hamsin ba, kuma kusan dukkansu waɗanda na bi diddigin asalinsu ne. Waɗanda na yi wa haddar ka kuwa sun bi ruwa.

Wadda ta fi ba ni kunya ita ce alkali. A littafin kimiyyar ƙanwata na gan ta, na ce, "Ke, me ya kawo alƙali cikin kwalba?" Yarinyar nan ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe ba dangin juna ba ne. Namu alƙalin daga al-ƙadi na Larabci ya fito, nasu kuwa daga wata kalmar Larabci ce mai nufin tokar tsirrai, irin wadda ake sabulu da ita. Wato ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa, da kanwar da ake jefawa a miyar kuɓewa, duk alkali ne a wurin masu kimiyya. Tun ranar in na ga kanwa a kicin sai kalmar ta faɗo mini.

Kalmomin likitoci sun fi sauƙi fiye da yadda suke tsorata mutum, don gaɓa-gaɓa ake haɗa su daga Girkanci. Hepat hanta ce, nephr ƙoda, itis kumburi, ectomy kuma yankewa a cire. Da waɗannan huɗun kaɗai na warware hepatitis da nephritis da nephrectomy ban buɗe ƙamus ba. Sai dai kada ku saki jiki da wannan dabara. Na saba ganin gaɓar "in" a farkon kalma tana kore ma'ana, don haka na ɗauka inflammable da ake rubutawa a jikin tankar mai na nufin abin da ba ya kama wuta. Akasin haka ne: abu ne mai saurin kamawa. Allah Ya sa ban taɓa gwadawa ba.

Quarantine duk mun ji ta lokacin korona. Daga kalmar arba'in ta Italiyanci take, don kwana arba'in ake tsare jiragen ruwa a birnin Banis na Italiya saboda annoba. A Ragusa, wato birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya a yau, inda aka fara dokar a 1377, kwana talatin ne. Na liƙa ta da arba'in ɗin mai jego, ta zauna daram.

Akwai kuma defenestration, jefo mutum ta taga, kamar yadda aka yi wa wasu jami'ai a Firag, babban birnin ƙasar Cek a yau, a 1618. Ban ga ranar da zan buƙace ta ba, amma ta ƙi fita daga kaina.

Wadda na fi so a makon nan ita ce petrichor. Wasu masana biyu a Ostireliya suka ƙirƙire ta a 1964, don ƙamshin nan da ke tashi in ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa bayan dogon rani. Mun fi su sanin ƙamshin, amma mu "ƙamshin ƙasa" kawai muke cewa. In akwai wanda a garinsu ake da suna na musamman, ya taimaka mini da shi, na bar masa layi a shafi na 31.

Mako mai zuwa kalmomin lauyoyi zan shiga. Na riga na ci karo da subpoena, har yanzu bakina na neman furta b ɗin nan da ba a furtawa.