Godiya bayan rasuwar Baba Soja

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ke nan da muka kai Baba Soja makwancinsa, kuma sai yanzu na samu natsuwar zama in rubuta wani abu. Wayata ta cika da saƙonnin gaisuwa daga Kano, Damagaram, Kumasi da nan Malbon ta Ostireliya, wasu ko buɗe su ban yi ba tukuna. Wanda bai ji amsata ba ya yi mini afuwa, wallahi ba raini ba ne.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san wanda nake nufi: Baturen Ostireliyan nan da na kama hayar ɗakin bayan gidansa shekara tara da suka wuce, lokacin da na zo karatu. Na shiga a matsayin ɗan haya, kafin shekara ta zagayo na koma ɗan gida. Ni na raɗa masa Baba Soja, ya tambaye ni ma'anarsa, na gaya masa, ya yi dariya ya ce ya karɓa. Ya rasu yana da shekara 97, bayan jinyar wata biyu da ta biyo bayan faɗuwar da ya yi a banɗaki.

Godiyata ta farko ga Allah take. Ta biyu kuwa ga wasu mutane ce da yawancinku ba ku taɓa jin labarinsu ba, wato ƙungiyar 'yan mazan jiyan da suka yi zaman Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dole in ɗan yi bayaninsu, don in ba a san su wane ne ba, ba za a gane nauyin abin da suka yi mana ba.

Da Japan ta miƙa wuya a 1945, yawancin mutane Amurkawa da Janar MacArthur kawai suka sani a matsayin masu mamaya. Alhali akwai wata runduna ta ƙasashen rainon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da BCOF, da ta haɗa sojojin Ostireliya, Birtaniya, Indiya da Niyuzilan. Sun fara sauka a watan Fabrairun 1946, aka ba su kudancin ƙasar, hedikwatarsu a Kure, garin da ke da babbar tashar jiragen yaƙin ruwa ta Japan, kimanin kilomita 20 daga Hiroshima. A lokacin da rundunar ta fi cika sun kai wajen mutum 40,000, kuma tun daga farko har ƙarshe janar-janar na Ostireliya ne ke riƙe da ita: Northcott, sai Robertson wanda ya fi kowa daɗewa, sai Bridgeford. Indiyawa da yawancin 'yan Birtaniya suka tattara a 1947, 'yan Niyuzilan a 1948, aka bar 'yan Ostireliya har mamayar ta ƙare ranar 28 ga Afrilun 1952.

Baba Soja ya isa can a 1946 yana ɗan shekara 19, aka saka shi a bataliya ta 67. Bai harbi kowa ba, kuma yana faɗin haka ba tare da jin kunya ba. Aikinsu shi ne tono makaman da aka ɓoye a kogunan duwatsu da ramuka, a lalata su ko a loda a jirgi a zubar a teku. Sai sintiri, sai gadi, sai karɓar sojojin Japan da ake dawo da su gida daga ƙasashen da suka yi yaƙi. Wasu abokan aikinsu an tura su tsibirin Okunoshima, inda Japan ta yi ta haɗa iskar guba a ɓoye, don a rabu da tulin da ya rage. Shi kansa ya taɓa zuwa Tokyo gadin ƙofar fadar Sarki, kuma hoton wannan rana yana rataye a falonsa har yau, yaro siriri cikin hular nan tasu mai gefe ɗaya a naɗe.

Hiroshima kuwa sun shige ta ba sau ɗaya ba, wata 'yan kaɗan bayan bam ɗin nukiliya na 6 ga Agustan 1945. Ya ce ba wanda ya ba su safar hannu ko ya ce kada su taɓa wani abu. Yara ne, suna tsintar fasassun kwanuka da gilashin da ya narke suna zubawa a aljihu don tsaraba. Akwai wani guntun kofin shayi da wuta ta murɗe shi, yana cikin gwangwanin biskit a ɗakinsa. Ranar da ya fara nuna mini, na riƙe shi a tafin hannuna na kasa cewa komai.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne abin da suka tarar da suka koma gida. Tunda an ce yaƙi ya ƙare kafin su je, ba a lissafa su cikin waɗanda suka ga fagen daga ba, don haka alfarmar jinya da fansho da ake yi wa mazan jiya ta wuce su. Baba Soja ya ce har tsokanarsu ake yi wai yawon buɗe ido suka je. Ga shi kuma da yawansu sun yi ta fama da ciwon daji, suna zargin zaman da suka yi kusa da Hiroshima ne. Ƙungiyoyinsu suka yi shekara da shekaru suna rubuce-rubuce da kai kuka gaban hukuma. Lambar yabo mai ɗauke da sunan Japan sai a shekarun 1990 ta samu. Katin zinare, wanda ke ɗauke wa tsohon soja kuɗin magani gaba ɗaya, sai daga 1 ga Yulin 2017 aka buɗe musu shi, shekara 71 bayan saukarsu Kure. A cikin 'yan Ostireliya kusan 16,000 da suka yi wannan aiki, waɗanda suka kai wannan rana da ransu 'yan tsiraru ne.

To, wannan katin shi ya riƙe mu a jinyar nan, kuma ba don sakatariyar reshen ƙungiyar ba da ba mu same shi a kan kari ba. 'Yar wani marigayi ce daga cikinsu, ita ma ta ba saba'in baya. A 2017 ita ta zo gidan da kanta ta zaunar da tsohon nan, wanda ya rantse ba zai ƙara cike wata takarda ba a rayuwarsa, ta lallaɓa shi ya sa hannu. A wannan karon ma, da wani ofishi ya ɓatar da takardar neman mai kula da shi a gida, aka yi ta yi mini jeka-ka-dawo har mako biyu, ita na kira da dare ina cikin ɓacin rai. Ta ce in kwanta, in bar mata. Kwana uku aka yi sai ga ma'aikaciyar jinya a ƙofa, da gado mai ɗagawa, da keken guragu. Mama, na san ba Hausa kike ji ba, amma zan zauna in karanta miki wannan baƙi-baƙi kamar yadda na yi alkawari. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki masu yi miki.

Ina godiya ga tsofaffi uku da suka rage a reshen. Ba wanda yake tuƙi a cikinsu yanzu, ɗaya ma ido ya tafi. Duk da haka sun raba kwanaki a tsakaninsu, kowace Talata da Juma'a jika ko maƙwabci ya kawo ɗaya asibiti. Ba wata doguwar hira suke yi ba. Na taɓa shiga na tarar da shi da ɗayansu sun yi shiru kusan rabin awa, hannu cikin hannu, can sai baƙon ya ce wata kalma da Japananci, dukkansu suka fashe da dariya har tari ya sarƙe Baba Soja. Na tambayi fassara suka ƙi gaya mini, wai ni yaro ne.

Akwai kuma wata tsohuwa 'yar Japan da ta zo jana'izar, 'yarta na tura ta a keke. Daga Kure take. Mijinta sojan rundunar ne, ya riga ta. A zamanin an hana sojoji hulɗa da mutanen gari, kuma dokar shige da fice ta Ostireliya ba ta barin wanda ba farar fata ba ya zauna. Sai a 1952 aka ɗage wa matan sojoji, mata wajen 650 suka shigo ta wannan hanya. Ita tana cikinsu. Ta kawo tsuntsayen takarda guda bakwai da ta naɗe da hannunta mai rawa, ta ajiye kusa da akwatin, ta sunkuyar da kai. Ban san ta ba, ba ta san ni ba, amma da aka gaya mata ni ne na zauna da shi, ta kama hannuna biyu ta daɗe ba ta saki ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke mamaya ne. Ba na yi, shi ma bai yi ba. Ya sha ba ni labarin kasuwar bayan fage da sojoji suka yi ta ci da sukari da sigari a garin da mutane ke kwana da yunwa, da 'ya'yan da wasu suka haifa suka tafi suka bari a Kure ba uba. Abin da na gani a wajen ƙungiyar nan shi ne ba su ɓoye wannan ɓangare, kuma ba su bari ya zama dalilin watsar da junansu.

Ranar jana'iza, bayan limamin coci ya gama nasa, wani dattijo daga RSL, babbar ƙungiyar mazan jiya ta ƙasar, ya miƙe. An lulluɓe akwatin da tuta, an ɗora hularsa da lambobinsa a kai. Ya karanto lambar aikinsa, ranar da ya shiga soja, inda ya yi aiki, ranar da aka sallame shi, tiryan-tiryan. Sannan ya kira duk wanda ya taɓa sa kaki ya taso ya ajiye jan furen popi. Tsofaffin nan uku suka tashi, biyu da sanda, ɗaya ana riƙe da shi. Tafiyar da ba ta fi taku goma ba ta ɗauke su kusan minti uku, ba wanda ya yi gyaran murya a ɗakin. Makahon ya laluba gefen akwatin ya ajiye furensa, ya miƙe tsaye iya yadda bayansa ya yarda, ya sara masa. Aka busa bigila, aka yi shiru na minti ɗaya. Ni da na ce ba zan yi kuka a gaban mutane ba, hular kaina na cire na rufe fuska.

A wannan shirun ne na tuna wani tsoho a unguwarmu da muke kira Ɗan Bama, wanda ya yi yaƙi da Japanawan nan a dajin ƙasar Bama (Burma) tare da dubban 'yan Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82. Muna yara muna bin sa muna kwaikwayon faretinsa. Da ya rasu an yi masa sutura yadda addini ya tanada, alhamdu lillahi, amma ban ji wanda ya ambaci inda ya je ko abin da ya gani ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Na taɓa ba Baba Soja labarinsa, ya sa na nuna masa Kano a taswira, ya ce ashe abokin aikinsa ne.

Sai 'yan uwana Hausawa na nan Malbon. Na sa sanarwa a zaurenmu na WhatsApp ban sa ran kowa ba, tunda ranar aiki ce kuma mamacin ba Musulmi ba ne. Mutum goma sha ɗaya suka zo, cikin manyan riguna da huluna, suka zauna a layin baya da ladabi. Malam ya riga ya yi mana bayanin haƙƙin maƙwabci da iyakar abin da za mu yi a wurin, muka tsaya a kai. Hajiya da ƙannenta suka kawo dafa-duka da soyayyen nama da zoɓo mai sanyi wurin zaman gaisuwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin ya sha zoɓo kofi uku, 'yarsa na hararar sa saboda sukari. Alhajin da ya ba ni aron motarsa wata biyu cur bai taɓa tambayar ko ta ƙoshi da mai ba, na san ba ka son a faɗa, shi ya sa ban kama suna ba. Allah Ya bar zumunci.

Ga 'yar marigayin, wadda na ɗauka Yaya: kin taso daga birnin Fas (Perth), tafiyar awa huɗu a jirgi, sau uku cikin wata biyu, kuma kika sa ni cikin masu ɗaukar akwatin mahaifinki tare da 'ya'yanki. Na gode. Ma'aikatan jinya na dare, musamman wadda take bari in shimfiɗa dardumata a lungun ɗakin in yi Asuba, na gode. Innata da ke Kano, wadda ba ta taɓa ganinsa ba sai ta waya amma kullum sai ta ce in gaida mata tsohonta, ita ma a yi mata gaisuwa, don ta ji mutuwar nan sosai.

Hotunansa na Japan guda 140 da wasiƙun da ya rubuto wa mahaifiyarsa, Yaya ta amince a miƙa wa ƙungiyar su ɗauki kwafi kafin a san inda za a ajiye na asali. Ni aka ɗora wa jera su bisa shekara, don ni na san labarin yawancinsu. Sun kuma ce ranar 25 ga Afrilu mai zuwa, ranar tunawa da mazan jiya, in zo in tura keken makahon a jerin gwano, na ce to.

Zan ci gaba da zama a gidan har ƙarshen wata mai kamawa, mai son zuwa gaisuwa ƙofa a buɗe take bayan La'asar. Sannan akwai kuloli biyu, babba shuɗiya da ƙarama mai fure, da faranti shida da aka bari ranar zaman gaisuwa. Na wanke su, mai su ya yi mini magana in kawo masa.