Daren Talata a hasumiyar ƙararrawa

Kwana tara ke nan da dawowata Wusasa daga Ingila, amma har yanzu in na kwanta sai in ji ƙararrawa shida a kunnena, suna gangarowa daga ƙarama zuwa babba kamar ruwan sama a indararo. Jikata na je gani. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce a Lesta, ta haihu a watan Satumba, mahaifiyarta kuma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je in wakilci gida.

Daga Abuja zuwa Landan awa shida ne da ɗoriya, babu abin ba da labari. A wurin duba fasfo ne raina ya ɓaci. Yaron da ke kan teburin bai kai ɗana na biyu ba. Na gaishe shi, bai amsa ba. Sau uku yana tambayata ranar da zan koma, alhali tikitin komawar yana hannunsa. Da ya gama sai ya tura mini fasfon da bayan yatsa, idonsa na kan wanda ke bayana. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa miƙa wa ɗalibi littafinsa haka ba. Na haɗiye, na wuce.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. A tashar jirgin ƙasa na sayi shayi kofi ɗaya fam uku da rabi, fam kuma yana neman naira dubu biyu. Ruwan zafi da ganye, babu burodi, babu ƙwai, kusan dubu bakwai. Surukina ya ce, "Baba, in kana juya kuɗin nan zuwa naira ba za ka ci abinci a ƙasar nan ba." Inda na samu sauƙi shagon gwanjo ne na masu taimakon marasa lafiya. Can na sami kwat mai kauri ta ulu, ko maɓalli ɗaya bai ɓace ba, fam takwas. Na nemi ragi, matar ta yi murmushi ta nuna mini takardar farashi. Ba a ciniki, kuma wannan ma ya dame ni, don ta wurin ciniki ake sanin juna.

Gidansu yana wani ƙauye wajen gari. Sati na farko shiru ya kusa kashe ni. Ƙarfe biyar ba ta yi ba duhu ya rufe, kowa ya ja labule. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu daga cikin mota, shi ke nan an gaisa. An yi haihuwa a layi amma babu mai shigowa barka, sai kati ta ƙarƙashin ƙofa.

Daren Talata wajen bakwai da rabi ina riƙe da jaririya, sai ƙararrawa ta ɓarke. Da guda ɗaya ce da ban damu ba, amma da yawa ne, suna bin juna, suna sauya wuri, ba su tsaya ba. A wurinmu ƙararrawar dare ba alheri ba ce, ko rasuwa ko gobara. Na miƙe tsaye. 'Yata ta ce, "Baba, zauna, gwaji suke yi. Kowace Talata haka ne. Tsohuwar nan ta gidan kusurwa ma tana cikinsu."

Ita tsohuwar ce kaɗai ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta kawo wa jaririya hular da ta saƙa da hannunta. Ta haura saba'in, ta yi ritaya daga gidan waya. Ta so in riƙa kiran sunanta kai tsaye, bakina ya ƙi, na ce Mama zan ce. Da na tambaye ta batun ƙararrawa sai fuskarta ta washe, ta ce in shirya Talata mai zuwa, in sa takalmi mara santsi, kada in ɗaura komai mai lilo a wuya.

Matakalar hasumiyar cocin ƙauyen ta dutse ce, tana murɗawa kamar katantanwa, tsakiyar kowane taki ya lotsa saboda ƙafafun mutane. A sama akwai ɗan ɗaki, igiyoyi shida sun sauko ta ramuka a rufi, kowace da wani wuri mai laushi da aka saƙa da ulu ja da fari da shuɗi, inda ake kamawa. Abu na farko da shugabansu ya gaya mini, kafin ma gaisuwa ta ƙare: in zauna, ƙafafuna biyu a ƙasa, kada in taɓa igiya ko ɗaya. Ban ji haushi ba da ya hau da ni sama ya nuna mini dalili. Ni a sanina ƙararrawa tana rataye ne baki ƙasa, a ja ta ta yi lilo. Waɗannan kowace an ɗaure ta a jikin babban gargare na katako, an kife ta baki sama, wani ɗan sanda ne kawai ya tokare ta. Babbar ta kai rabin tan. In ka ja igiya sai ta juyo zagaye cikakke ta buga sau ɗaya, ta sake tsayawa baki sama, ka sake ja ta koma ta ɗaya gefen. Wanda bai iya ba, igiyar na iya ɗaga shi ta haɗa shi da rufi.

Saboda nauyin nan, kowace ƙararrawa tana bukatar kamar daƙiƙa biyu kafin ta sake bugawa, don haka ba a iya fitar da waƙa da su. Abin da suke yi lissafi ne. Za su fara a jere, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Sai su shiga sauya jerin, babu ƙararrawar da ke matsawa gaba ko baya fiye da gurbi ɗaya a kowane bugu, kuma sharaɗi shi ne kada a maimaita jeri har a dawo inda aka fara. Ni da na koyar da lissafi nan take na gane: ƙararrawa shida suna ba da jeri 720, bakwai 5,040, takwas 40,320. Kowane salon sauyi da sunansa, akwai Plain Bob, akwai Grandsire, akwai Stedman, wanda aka sa wa sunan Fabian Stedman da ya buga littafi a kan wannan fanni a 1677. Babu mai riƙe takarda. Kowa ya haddace hanyarsa, idonsa na kan igiyoyin 'yan'uwansa, kunnensa na sama. A bango akwai allunan katako da aka rubuta da ruwan zinariya, sunayen waɗanda suka yi cikakken bugu mai jeri sama da dubu biyar, wanda ke cin wajen awa uku a tsaye, ba zama, ba shan ruwa, ba a karɓar wani. Mutum ɗaya ya ɓata, aikin kowa ya rushe.

Mutanen ne suka fi ba ni mamaki. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin. Shugaban mai gyaran famfo ne. Akwai likita, akwai manomi mai kiwon tumaki, akwai wata malamar makaranta, akwai yaro ɗan shekara goma sha uku da ake sa wa akwati ya taka don ya kai igiya. Likitan sabon koyo ne, yaron kuma ya ƙware. Da likitan ya yi saurin ja sai na ji yaron ya kira sunansa gatsau ya ce ya jinkirta. Gabana ya faɗi. A gidanmu ɗan da ya yi wa babba haka ya san sauran. Likitan kuwa ya gode masa ya gyara. Har yau ban yarda da kiran babba da sunansa ba, amma na ga amfanin wurin da mai digiri zai karɓi gyara daga yaro ba tare da girman kai ba.

Babu mai biyansu. In an yi ɗaurin aure ana ba su ɗan abin hasafi, su nasu sun amince su zuba a asusun sayen igiya da man shafa wa ƙarafa. Na ce to gado ne, kamar makaɗan fada a wurinmu, da ɗa ke karɓar tambari ko kakaki daga ubansa? Suka ce duk wanda ya hau matakala za a koya masa. Mama ta ce ita bayan rasuwar mijinta ta fara, ta yi wata shida ba ta fita, shugaban da ya zo gyara mata famfo ya ce suna neman hannu. Manomin kuma da ya yi Talata biyu bai zo ba, mutum uku suka tafi gonarsa, suka tarar ya faɗi ya karye, suka raba kula da tumakinsa a tsakaninsu har ya warke. Ashe zumuncin da na nema a bakin titi na rasa, yana can sama da matakala arba'in. Ya tuna mini gayya lokacin muna yara, kowa da fartanyarsa a kunya ɗaya, in ka yi baya layin duka ya karkace.

Sun bar ni na ja. Shugaban ya tsaya a gabana ya riƙe wurin ulun, ni na riƙe wutsiyar igiya. Na zata ƙarfi ake sawa. Sai na ji nauyin nan ya taso ya ja hannuwana sama har na miƙe a kan yatsun ƙafa, ya tsaya cak na ɗan lokaci kamar yana numfashi, sannan ya dawo. Ya ce kada in yi kokawa da ita, in bi ta. Tafin hannuna ya yi ja, amma na yi minti goma ban saki ba, suka tafa mini.

Daga nan mashaya, wai al'ada ce. Na yi turus a ƙofa, dattijon ikkilisiya a gidan giya. Mama ta kama hannuna ta ce ita ma lemo take sha. Ciki da murhu da karnuka a kwance, babu hayaniya. Mutum ɗaya ke saya wa kowa, in an shanye wani ya tashi. Na zaro kuɗi sau biyu, manomin ya danne mini hannu ya ce baƙo ba ya biya. Wannan kam irin tamu ce.

Abin da ya tsaya mini a rai ranar Lahadi ya faru. Suka buga rabin awa suna kiran mutane sujada, suka sauko, fiye da rabinsu suka sa kwat suka fice ta ƙofar gefe. Majami'a mai ɗaukar ɗari uku, mu goma sha bakwai ne a ciki, limamiyar kuma za ta ruga wani ƙauyen, don ƙauyuka huɗu take riƙe da su. Na tuna tsohon cocinmu na ƙasa da aka gina a 1929, da ƙauyukan kewaye inda tsohon rim ɗin mota ake ratayewa a bishiya a buga da ƙarfe, amma kafin a gama bugawa benci ya cika, zumuntar mata na waje da tulu da kacau-kacau. Na tambayi shugaban, yaya za ka kira mutane inda kai ba ka shiga? Ya ce shi bai tabbata da abin da ya gaskata ba, amma shekara talatin bai bar ƙararrawar Lahadi ta yi shiru ba. Amsar ba ta gamsar da ni ba, kuma na gaya masa. Bai yi fushi ba.

Lahadi ta biyu a watan Nuwamba ita ce ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Ranar sun ɗaura fata a gefe ɗaya na harshen kowace ƙararrawa, sai jeri ɗaya ya fito da ƙarfi, na biye ya dawo can ƙasa-ƙasa kamar amsa daga nesa. Ranar kam majami'a ta cika. Mama ta ce a 1940 an hana buga ƙararrawa a duk ƙasar, an ajiye ta don gargaɗi in Jamusawa sun shigo, sai a Nuwamban 1942 aka bari aka buga don nasarar da aka samu a yaƙin El Alamein a Masar. Da aka yi shirun minti biyu ƙarfe goma sha ɗaya, ƙanin kakana na tuna, wanda ya tafi Bama da sojojin Afirka ta Yamma bai dawo ba. Babu allon da ke ɗauke da sunansa a garinmu. Na yi hawaye.

Mama ta kai ni Lafbara a motarta, garin da ake rubutawa Loughborough, mu ga maƙerar ƙararrawa ta John Taylor. Tun da ta Whitechapel a Landan, wadda ta zuba Big Ben, babbar ƙararrawar agogon majalisar dokokin Birtaniya, ta rufe a 2017, ita ce babbar da ta rage. Jan ƙarfe ake narkawa da kuza, kuzar kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai na tuna ramukan kuza na Jos. Ƙasar da suke yin mazubi da ita kuwa da kashin doki da gashin akuya ake kwaɓa ta, duk maginin Zariya zai gane wannan haɗi. Nan aka zuba Great Paul, babbar ƙararrawar cocin St Paul na Landan, a 1881, mai nauyin sama da tan 16. A hasumiyar maƙerar ne kuma, a 1963, mutum takwas suka buga jeri 40,320 ɗin nan duka, kusan awa goma sha takwas. Mama ta hana ni biyan kuɗin shiga.

Landan kwana biyu na yi, ruwa da cunkoso, Big Ben kuma guduma ce ke bugunta, ba mutane ba. Talatar ƙarshe na ba shugaban hula zanna, na ba Mama turmin atamfa, suka sa ni na rubuta sunana a littafin baƙi na hasumiya. Na sauka Abuja hunturu ya fara. Jiya 'yata ta kira, ta ce Mama ta zo ganin jaririya, tana tambaya ko kantar hannuna ta warke.