Godiyar kwamitin agaji bayan ruwa ya janye

Salama a gare ku 'yan'uwa. Jiya aka naɗe tabarma ta ƙarshe a zauren majami'a, kowane gida ya koma ɗakinsa ko ya sami inda zai raɓa. Yadda kogin Kaduna ya yi da unguwannin bakin ruwa kun gani da idonku, ba sai mun maimaita ba. Mun gaji, amma Ubangiji ya riƙe mu.

Daren da ba za mu manta ba shi ne na uku, da wata yarinya 'yar shekara biyu ta fara amai da gudawa, ga rijiyoyi duk sun haɗe da ruwan masai. Babu ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, ko ƙulli ɗaya a akwatin magani. Mama nas, mun san kin hana a ambace ki, ki yi haƙuri. Ta yanka ledar fiya wata biyu, lita ɗaya ke nan, ta zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin cokali, ta zauna a ƙasa tana ba ta kaɗan kaɗan, in ta amayar a jira minti goma a ci gaba. Da ta ga idon yarinyar ya fara faɗawa sai ta ce a tafi asibiti. Maƙwabcinmu mai keke, wanda ya fito sallar asuba, shi ya kai su asibitin Gwamna Awan a Kakuri, ya kuma ƙi karɓar ko naira. Malam, Allah ya tsare maka kekenka, ya raya maka zuriya.

Zumuntar Mata, Allah ya sāka. Ku kuka hana a yi rabo a layi. Layi mai ƙarfi ne ke cinye shi, gwauruwa mai kunya kuwa ta koma hannu wofi. Aka bi gida gida da littafi, Kirista da Musulmi, ana rubuta yawan baki, aka kai kaya da yamma ba hoto ba sanarwa. 'Yan Brigade da matasa, kafaɗunku sun sha buhu, Ubangiji ya ba ku aikin yi.

Ga ikkilisiyoyin da ke tambaya yadda aka yi lissafi: buhun masara tiya 40 ne, gida mai mutum shida yana cin kusan tiya ɗaya a rana. Wato buhu guda kwana huɗu kawai zai yi wa gidaje goma. Masarar da ta jiƙa har ta yi fumfuna kada a raba ta, ko kaji kada a ba, guba ce. Mun zubar da buhu biyu, da ciwo, amma gara hakan.

Tunda abinci ba ya daɗewa, shi ya sa dattawa suka raba baiko na musamman gida biyu. Rabi abinci da gidan sauro, rabi jari. Mai ƙosai ta sami kasko, wake da mai, tela aka gyara masa keken ɗinki. Kuɗi a hannu ba mu bayar ba, domin mai gidan haya da mai bin bashi suna bakin ƙofa, kafin dare jarin ya narke. Kayan aka sayo, aka sa su adashi mutum goma goma, zubi kowace Lahadi bayan sujada, littafin kuma a hannun mutum biyu.

Danginmu na nesa da suka turo "sannu" a WhatsApp suka yi shiru, mun gani, mun gode. Ƙofa a buɗe take har yanzu, kuɗin makarantar yaran nan bai cika ba.

Allah ya mayar wa kowa ninkin abin da ya fitar, ya warkar da marasa lafiya, ya ta'azantar da waɗanda gininsu ya faɗi, ya tsare mu da damina mai zuwa. Amin. Kwashin farko na adashi Lahadi mai zuwa ne, masu littafi su zo da wuri.