Guda uku aka rubuta, biyu na gani

Laraba.

Bakwai saura na shiga ɗakin gwaji, na tarar injin sarrafa naman da ake cirowa daga jikin marasa lafiya don bincike ya gama aikinsa na dare. Jiya da yamma muka ɗora masa kaset hamsin da huɗu, wato 'yan ƙananan akwatuna masu ramuka da ake sa guntun nama a ciki, ya kwana yana ratsa su da ruwa iri-iri: fomalin, sai alkohol mai ƙarfin kashi 70, ya hau 90, ya kai ga tsantsarsa, sai zailin, daga ƙarshe narkakken kakin farafin har sau uku. Wajen awa goma sha uku ke nan. Tun kafin in ajiye jaka na leƙa ma'aunin zafin kakin. Digiri 60. Kakin da muke aiki da shi yana narkewa ne tsakanin 56 da 58, don haka ɗan abin da ya ɗara wannan ya isa. In zafi ya wuce kima, ko nama ya daɗe a ciki, sai ya fito a ƙandare, wuƙa na hawansa yana marmashewa. Saifa da hanta da gudan jini sun fi kowa wannan hali.

Ɗalibin da aka turo mana sanin makamar aiki ya iso ina kwashe kwandon kaset ɗin zuwa teburin zuba kaki. Yau kwanansa uku. Yaro ne mai tambaya, kuma na fi son irinsu a kan masu gyaɗa kai.

"Malama, wai me ya sa ba za a tsoma naman cikin kaki kai tsaye ba, a huta da wannan doguwar hanya?"

Na ce masa ya tuna abin da ke faruwa in narkakken kyandir ya ɗiga a ruwa. Daskarewa yake yi a sama, ba sa haɗuwa. Naman jikin mutum kuwa akasarinsa ruwa ne. Alkohol ke janye ruwan, a hankali, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, don kada naman ya tsuke farat ɗaya. To shi ma alkohol ba ya jituwa da kaki. Zailin ne ke ɗasawa da su biyun, shi ya sa yake shiga tsakani: ya kori alkohol, sannan ya matsa wa kaki wuri. Injin kuma yana zuƙe iskar tukunyar don kakin ya shiga kowane lungu da saƙo. Duk wannan wahala don abu ɗaya ake yinta, a sami nama mai taurin da za a yanka shi kaurin maikuron 3 zuwa 5. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ɗanyen nama ba ya yankuwa haka, ko da wace irin wuƙa.

Wani lokaci abin yakan ba ni mamaki. Bajamushe Edwin Klebs ne ake danganta wa fara binne nama a farafin, tun 1869, Ferdinand Blum kuma ya gano amfanin fomalin wajen hana nama lalacewa a 1893. Injuna sun sauya, yanzu har allo gare su, amma kakin nan dai shi ne har yau.

Muka zauna. Teburin zuba kaki kashi uku ne: ɓangare mai ɗumi inda kaset da mazubai ke jira, famfon da kaki ke zubowa, da farantin sanyi a gefe wanda ke ƙasa da sifiri, har raɓa take daskarewa a kansa. Aikin a baki ba wuya. Ka buɗe kaset, ka zaɓi mazubin ƙarfe daidai girman naman, ka zuba ɗan kaki, ka ɗauki naman da hantsaki mai ɗumi ka ajiye shi a gindin mazubin, ka taɓa mazubin a kan sanyi na 'yan daƙiƙu ƙasan ya kama, ka danna naman ya kwanta sosai, ka ɗora gindin kaset ɗin mai ɗauke da lamba a sama, ka cika da kaki, ka tura kan farantin sanyi. In ya daskare ka ɓamɓare shi, ga bulo ya fito.

Inda gizo ke saƙar shi ne ta wace fuska za ka ajiye naman. Gindin mazubi shi ne fuskar bulo, nan wuƙa take fara ci, kuma abin da ta yanko shi Dokta, likitan da ke duba naman, zai gani a madubinsa na ƙara girma. Na ɗauko masa wani guntun fata na nuna masa. Fata a tsaye ake binne ta, a kan gefenta, domin yankan ya ratsa tun daga saman fata har kitsen ƙasa, a ga kowane hawa. In ka kwantar da ita, Dokta zai sami fili guda na hawa ɗaya, ba zai iya cewa ciwon ya nutsa zuwa ina ba. Abu mai kama da bututu, kamar jijiyar jini ko bututun ƙwan mace, a kan bakinsa ake tsayar da shi, ya fito a gilashi kamar zobe da raminsa a tsakiya. In kuma gutsattsari ne da yawa, dole duka su kwanta a matsayi ɗaya, in ba haka ba kafin wuƙa ta kai ga na sama ta cinye na ƙasa. Abin da wuƙa ta cinye kuwa ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi.

Na ba shi wasu manya masu sauƙi ya gwada. Na farko ya yi kyau. A na biyu ya tsaya yana gyara zaman naman har kakin ƙasa ya daskare gaba ɗaya kafin ya ƙara na sama. Da muka ɓamɓare bulon sai ga layi a tsakiya, hawa biyu da ba su haɗe ba. Na sa babban yatsa na ɗan danna, ya rabe biyu a hannunsa. Ya zaro ido. Na ce ba komai, a narkar a sake, wannan kuskure ne mai gyaruwa. Abin da ba na ɗaga ƙafa a kai guda biyu ne: kaset ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, kuma a goge bakin hantsaki bayan kowanne. Ɗan ɓurɓushin ciwon daji na wani ya maƙale a hantsaki ya faɗa bulon mai lafiya, ka ga an ɗora wa bawan Allah cutar da ba tasa ba.

Wajen tara da rabi na buɗe kaset na talatin da ɗaya. Gutsattsarin da aka tsinko daga cikin tumbi ne da na'urar leƙa ciki, kowanne bai kai ƙwayar ashana ba. Irinsu tsakanin soso biyu ake sa su don kada su zurare ta ramukan kaset, kuma an ɗiga musu jan launi na iyosin don ido ya kama su. A takarda an rubuta guda uku. Na ɗaga soson sama. Biyu na gani.

Gabana ya faɗi. Na juya soson, na duba bayansa, babu. Na duba na ƙasa, na miƙe shi a ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma, babu. Na duba bakin hantsakina, na duba teburin, har hannun rigata na duba. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Tunanina ɗaya, mai wannan naman an zura masa na'ura ta maƙogwaro kafin a samo shi, kuma wa ya sani ko na ukun nan ne kaɗai ke ɗauke da amsar da ake nema.

Na kira Malam, babban ma'aikacin ɗakin, daga wurin injin yanka. Ya zo a natse kamar yadda ya saba, ya karanta takardar, ya dubi biyun.

"Kin duba murfin?"

"Na duba, ranka ya daɗe."

"Sake dubawa. Ta gefen maƙalin."

Na ɗauki murfin kaset ɗin da na ajiye a gefe, kakin jikinsa har ya fara fari. Na ɗora shi a wuri mai ɗumi. Kakin na narkewa sai ga wani ɗigo ja-ja a kusurwa, a maƙale cikin tsagin da murfin ke kamawa. Na ɗauke shi hannuna na ɗan rawa, na jera shi kusa da 'yan'uwansa, na danna su tare. Malam bai ce komai ba, ya koma kan injinsa. Gaskiyar magana, da na ce na duba murfin, kallo ɗaya na yi masa. Kuma saura ƙiris in jefa shi kwandon shara tare da sauran, a gaban yaron da na gama yi wa huɗuba.

Bayan wannan sai wani naman mama mai kitse ya ɓata mana lokaci. Tun da na buɗe na san ba a yi ba: tsakiyarsa luɓus, yana maiƙo, warin zailin na tashi. Kitse dama shi ne ya fi wahalar ratsawa, ga shi kuma an yanka shi da kauri, har zanen murfin kaset ya fito a jikinsa. Ƙa'ida kada ya wuce milimita 3 zuwa 4. In ka rufe ido ka binne irin wannan, gefen zai yanku, tsakiyar ta bar rami, ɗan abin da ya fito kuma ya tarwatse da zarar ya taɓa ruwan ɗumin da ake shimfiɗa yankan a kai. Na kai wa Dokta ya gani da idonsa. Ta wurin sabon likitan da ke koyon yanka abin ya fito, kuma ban ga laifinsa sosai ba, kitse santsi gare shi a ƙarƙashin wuƙa. Aka rage masa kauri, muka mayar da shi baya cikin zailin ya wanke kakin, sannan alkohol, zai sake bin layi yau da dare. Sakamakon matar zai yi jinkirin kwana guda. Na rubuta dalilin a littafi.

Sha ɗaya da 'yan mintuna muka gama. Bulo hamsin da uku a jere kan sanyi, muka kankare kakin da ya zubo a gefunansu don su zauna daidai a bakin injin yanka, muka duba lambobinsu da na takarda ɗaya bayan ɗaya. Da rana na leƙa wurin Malam daidai lokacin da ya kai kan na talatin da ɗaya. Zirin kakin na fitowa daga bakin wuƙa kamar kintinkiri, ya shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi, ya miƙe. A kowane yanki ɗigo uku ne a jere. Na ƙirga su sau biyu.

Da yamma muka sauya alkohol na ƙarshe da tukunyar kaki ta farko, don ta fara warin zailin, muka ɗora wa injin kayan gobe, kaset arba'in da bakwai da mai kitsen nan. Yaron ya tambaya ko gobe zan bar shi ya binne fata da kansa. Na ce guda ɗaya, ina tsaye a kansa. Yanzu haka ina rubutun nan ina ɓanɓarar kaki daga ƙarƙashin farcena.