Ranar da na tsinci kaina ina goyon bayan mai shagon wiwi

Lahadi, 17 ga Mayu, 2015. Aurora, jihar Kolorado.

Yau ban fita aiki ba. Tun da ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa masu zuwa wasan zamiya suka ɗauke ƙafa, mu direbobin da ke kwasar su daga filin jirgin Denver zuwa garuruwan tsauni muka koma zaman jiran waya. Bayan asuba na koma na kwanta, sai wajen tara ƙamshin masa ya tashe ni. Maman yara ta ce tunda ina gida in kira mutane su zo a ci tare, kada ƙullun ya lalace.

Da la'asar falo ya cika. Alhaji ya zo, dattijon nan ɗan Damagaram da ya riga mu duka zuwa ƙasar nan. Ƙanen wani abokina da ke karatun harkar kasuwanci a jami'a shi ma ya zo, sai maƙwabcina, tsoho baƙar fatar Amurka, wanda ba ya taɓa ƙin gayyata in dai akwai yaji. Ɗalibin ne ya kawo maganar shirin. Ya ce, "Yaya, kai da kullum kana hanyar Breckenridge, ba ka ga shirin da CNN ke yi a kan garin ba?" Na ce na dai ji fasinjoji suna zancensa. Ya lalubo kashin da suka riga suka fita, muka kora yara ɗaki, aka kunna.

Sunan shirin High Profits, kashi 8 ne, an fara nuna shi watan Afrilun da ya wuce. Sunan harshen damo gare shi: yana nufin riba mai tsoka, kuma kalmar farkon ita Turawan nan ke faɗa wa wanda ya yi tatul. Labarin wani saurayi ne da budurwarsa masu shagon sayar da tabar wiwi a babban titin Breckenridge, ɗaya daga garuruwan tsaunin da nake kai fasinja. Na san shagon. Na sha sauke mutane a kusa da shi, wasu ko jakunkunansu ba sa kaiwa masauki sai sun biya ta can. Ganin titin da nake bi da mota a talabijin ya sa na gyara zama, har ina nuna wa Alhaji inda nake ajiye mota in sayi shayi.

Aka nuna ranar 1 ga Janairun 2014, ranar da dokar jihar ta buɗe wa duk wanda ya kai shekara 21 ƙofar saye, ba sai da takardar likita ba. Layi cikin sanyi, mutane suna dariya kamar masu jiran naman Sallah. Alhaji ya ajiye cokali, ya ce, "Innalillahi. Wai waɗannan duk da hankalinsu?" Ya karanto hadisin nan da ke cewa duk abin da ke sa maye haramun ne, ya ƙara da cewa ƙuri'ar mutanen Kolorado ta 2012 ba ta goge komai a littafin Allah ba. Babu wanda ya musa. Amma bai tashi ba, kuma bai ce a kashe ba. Can da aka zo wurin ƙirga kuɗi na ga ya zaro tabarau ya saka.

Wurin kuɗin nan ne ya tafi da ɗalibin. Ya tsayar da shirin don ya yi mana lacca. A wurin gwamnatin tarayya har zuwa wannan shekara ta 2015 wiwi na sahun farko na haramtattun ƙwayoyi, tun dokar 1970, don haka yawancin bankuna ke gudun masu wannan sana'a. Albashi da tsabar kuɗi, kuɗin haya da tsabar kuɗi, haraji ma sau da yawa haka ake ɗaukarsa a jaka a kai. Kuma hukumar harajin tarayya ba ta yarda su cire kuɗin haya da na ma'aikata kafin a yanka musu haraji kamar sauran 'yan kasuwa ba. Ya ce shi ba ganyen yake kallo ba, kasuwa sabuwa fil yake kallo, wadda aka haifa jiya kowa yana gani. Har ya ambaci dala miliyan 40 na farko na harajin sari da doka ta ware don gina makarantu. Alhaji ya ce, "Yaro, to a gina ajin da kuɗin, sannan a rasa mai hankalin da zai zauna a ciki." Maman yara ta leƙo daga kicin ta ce da ɗalibin kada ya kuskura ko aikin gadi ya nema a irin wuraren nan, takardun zamansa a hannun tarayya suke, ba a hannun jiha ba. Wannan gaskiya ce da duk baƙo a ƙasar nan ya kamata ya riƙe.

Maƙwabcina bai ce uffan ba har aka gama kashi na biyu. Yana ta cin masa da yaji, gumi na tsattsafo masa. Da ya buɗe baki sai falon ya yi tsit. Ya ce abin da waɗannan yara farare ke sayarwa gaban kyamara, ana kiransu 'yan kasuwa masu ƙwazo, shi ne abin da ya ga an kwantar da samarin unguwarsu a kan kwalta saboda ƙulli ɗaya. Ya ce rahoton da ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta fitar a 2013 ya nuna ana kama baƙi kan wiwi kusan ninki huɗu na yadda ake kama farare, alhali shan kusan ɗaya ne. Kuma wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifin ƙwaya, yanzu da abin ya zama halal a doka, shi ne lasisi zai fi yi wa wuya. Ya nuna talabijin da yatsa mai maiƙo ya ce, "Ku ƙirga mini fuskoki irin tawa a nan." Muka yi shiru. Ni kaina ban lura ba sai da ya faɗa.

Abin da ya sa na ɗauko littafin nan da daddare shi ne nawa halin. Na tsani wiwi, ba tsanar wa'azi kawai ba. Ina da ɗan uwa a gida, tare muka yi allo, ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Ya fara zuƙa a bayan tasha, yau shekara nawa yana zaune gindin bishiya yana hira da wanda ba ya nan. Duk wata sai na aika kuɗin maganinsa. Da wannan zuciyar na zauna kallo.

Amma da aka shiga zaman majalisar gari, inda ake muhawarar a kori shagon daga babban titi saboda kada iyalai masu zuwa hutu su ƙyamaci garin, sai na ji raina yana ɓaci da masu son korar. Na san titin nan ciki da bai. Mashaya nawa ce a kansa? Sau nawa na wanke kujerar motata saboda wanda ya fito daga ɗayansu ya kasa riƙe cikinsa? Kuma garin nan ne tun 2009 ya kaɗa ƙuri'ar daina hukunta babba a kan ɗan abin da ya riƙe. Suna so a sha, ba sa so a gani. Ban san lokacin da na ce "Kai, wannan munafunci ne!" da ƙarfi ba. Alhaji ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, kai ma?"

Abin dariyar shi ne na san ƙarshen labarin, shirin ne bai kai can ba tukuna. A watan Disamban bara mutanen garin suka yi ƙuri'a, kusan kashi 70 cikin 100 suka ce ba sa son shagon wiwi a babban titi. Shagon ya tattara ya koma Airport Road, can gefen gari inda sauran 'yan uwansa suke. Da idona na ga wurin bayan sun tashi. Duk da haka ina zaune gabana na faɗuwa, ina fatan su tsira, kamar mai kallon ƙwallon da ya riga ya ji sakamakonta a rediyo.

Na yi ta juya abin ina wanke kofuna. Ina jin aikin kyamara ne. Ta bi mutum biyu har inda suke kwana, ka ga gajiyarsu, ka ga fargabarsu, ka ga yadda suke lissafin haya. Wanda ka ga yana fafutukar riƙe shagonsa sai ka tuna babanka a kasuwa, ka manta me ke cikin kwalbar. Ita kyamarar ba ta bin wanda ya saya ta ga inda ya kwana. Ni kuwa ina ɗaukar wasunsu. Na taɓa ɗauko wani magidanci da ya ci alewar wiwi, ya ga shiru ya ƙara, ba wanda ya fahimtar da shi cewa ta ci tana jinkiri kafin ta kama mutum. Tun daga garin Frisco har muka fito ramin Eisenhower, inda titi ya ratsa cikin dutse, yana riƙe da hannun matarsa yana cewa zai mutu. Wannan ba ya cikin abin da muka kalla yau.

Maman yara nata ra'ayin daban. Ta ce ita yarinyar take tausayi, da gani ita ke ɗauke da shagon a ka, kuma ko aure ba a ɗaura ba, in abu ya watse wa zai raba musu? Abin da ya fi damunta kuma alewar nan ce, mai kama da wadda yara ke saye. Ta ce gobe kafin makaranta za ta sake zaunar da su: kada su karɓi alewa a hannun kowa, ko abokin aji ne.

Bayan magariba kowa ya watse. Maƙwabcina ya tafi da sauran yajin a leda. A bakin ƙofa Alhaji ya riƙe hannuna ya yi mini nasiha a kan tausayin da ba a wurinsa ba, na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Ya kai bakin mota, ya juyo ya ce in aka fitar da kashin da ake ƙuri'ar in sanar da shi, yana so ya ga fuskarsu.

Waya ta shigo ɗazu: mutum huɗu gobe ƙarfe shida, daga filin jirgi zuwa Breckenridge. Ban aika kuɗin maganin wannan watan ba, sai na dawo.