Katakon da ya ƙi bin ƙofarsa

Wata uku ke nan ina gina ɗan wasan kwamfuta a manhajar haɗa wasanni ta Godot 4, filinsa tsohon birnin Katsina, daga ganuwa zuwa Hasumiyar Gobarau. Hoton jar ƙasa guda na ɗauka da waya, na gyara gefunansa su haɗu ba ɗinki, don ya riƙa maimaituwa kamar tayil. Amma da na ƙara wa bango tsawo, sai hoton ya miƙe kamar roba.

Shi ya sa na rubuta sheda, wato 'yar manhajar da ke yanke launin kowane ɗigo a allo. Na ajiye UV, wato taswirar da ke liƙa hoto a jikin abu, na sa shedar ta hasko hoton ta fuska uku, X da Y da Z, bisa inda kowane ɗigo yake a filin wasan. Ganuwa ta fito tsaf, duk tsawonta.

Daɗi ya ɗebe ni, na ɗora wannan shedar a kan ƙofar katako da kurar mai ruwa. Ƙofa ta buɗe, zanen katako ya tsaya cak, ita kuwa tana zamewa a ƙarƙashinsa. Kwana biyu ina zargin hoton. Ƙanena ne ya leƙo ya ce, "Yaya, ai majigi ka haska mata, ba fenti ka shafa ba."

Gaskiyarsa. Ninka VERTEX (matsayin ɗigo a jikin abu) da MODEL_MATRIX (bayanin wuri da juyi da girman abin a fili) da na yi shi ya ɗaure zanen da filin wasa. Bango ba ya motsi, shi ya sa aibin ya ɓuya. Na cire ninkin, zane ya bi ƙofa.

Wasu matsaloli biyu suka fito daga baya. Alƙiblar fuska, wadda ke zaɓar hoton da zai rinjaya cikin ukun, na bar ta a ma'aunin fili, don haka ƙofa na kaiwa rabin buɗewa sai zanen ya cakuɗe. Dole ita ma ta koma ma'aunin jikin ƙofar. Sannan miƙewar nan ta dawo a duk abin da na ƙara wa girma, sai da na ciro girman daga MODEL_MATRIX na ninka da shi kaɗai, ban da juyi.

Tayoyin kura kuwa na mayar da su UV. Hasko ta fuska uku karatun hoto uku ne a kowane ɗigo, kuma a ƙaramar wayar ƙanena nake so wasan ya gudana.